Ranar Da Baba Ya Riga Jirginsa Sauka

Ni na kitsa ƙaryar, wannan ba zan ɗora wa kowa ba. Amma jirgin, Baba ne ya cinye shi.

A shekarun nan ne da buhun takin zamani ya zama abin kallo a kasuwar Ɗambatta. Manomi zai je ya shafa shi, ya tambayi kuɗi, ya yi salati, ya dawo gida da hannunsa. Ni ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu, albashina kuwa ba ya ganin tsakiyar wata, saboda haka daga rumbun Baba nake ci kamar kowa a gidan.

Ƙanwata tana aure a Abuja, cikinta na fari ya tsufa. Mijinta ɗan mutanen Zakirai ne, ma'aikacin gwamnati, mutum mai kunya har ta yi masa yawa. In ya zo garinmu, tun daga bakin rijiya yake cire takalmi. Bai taɓa shan ko ruwa a gaban Baba ba. Shi ma Baban, da ya ji sallamarsa sai ya gyara hula ya shiga neman abin kallo a ƙasa. Shekara biyu da auren, ban taɓa ganin sun haɗa ido ba, kuma duk maganar da ta taɓa shiga tsakaninsu ba ta wuce "ina wuni" da "Allah ya yi albarka" ba.

Wata rana da damina mijin nata ya kira ni a waya.

"Yaya, in ta sauka lafiya kuma aka sami namiji, sunan Baba zan sa masa. Ina so ya zo da kansa ya sa masa albarka. Amma don girman Allah kada ku biyo hanyar Kaduna a mota, ka san halin da ake ciki da masu satar mutane. Na turo maka kuɗin jirgin sama, kai da shi. Ranar da ta haihu sai ka je ka yanki tikiti."

Kuskurena ɗaya ne: a gona na kai wa Baba labarin. Da a zaure na gaya masa, da yanzu ina cikin waɗanda suka taɓa hawa jirgin sama. Na same shi tsaye a tsakiyar dawa, ta kai gwiwa ta tsaya, ganyenta ya yi ruwan ɗorawa don yunwa. Ya saurare ni har na gama, idonsa na kan ganyen.

"Malam," haka yake kirana in zai yi mini wayo, "tafiyar nan ta sama, kwana nawa ce?"

"Ba ta kai awa ɗaya ba, Baba."

"In mun sauka kuma fa? Ana ba mutum wani abu ya riƙe?"

"Ba a ba shi komai."

Ya tsinki ganye ɗaya ya murza. "To jirgin nan, ni aka bai wa ko?"

"Kai aka bai wa."

"Na karɓa, na gode, Allah ya yi masa albarka. A kawo mini shi nan gona."

Na yi gardama, Allah ya sani na yi, har ta kwana biyu. Amma ni ma ina da ido, kuma na san abin da rumbu zai faɗa mana kafin wata damina in dawar nan ta tafi a haka. Ranar kasuwa muka ɗauko taki a bayan babur. Muka bi gindin dawa ɗaya bayan ɗaya da murfin kwalba, Baba na zubawa yana cewa, "Ga fiffiken dama. Ga kujerar direba." Ban taɓa jin ya yi dariya irin ta ranar ba. Allah kuma ya sauko da ruwa a kai. Kafin mako biyu dawa ta yi baƙi ƙirin, tana sheƙi, masu wucewa suna rage tafiya suna kallo.

Sai ƙanwata ta haihu. Namiji.

Daga ranar dariyar Baba ta ɗauke. Ƙin zuwa ba zai yiwu ba, ga takwara an yi masa. Bin hanya a mota an haɗa mu da Allah. Abin da ya fi komai tsaya masa a rai kuwa shi ne ya buɗe baki a gaban surukinsa ya ce ya karkatar da kyautar da aka yi masa. "Yaron da ke cire mini takalmi tun daga rijiya," in ji shi, "da wane ido zai ƙara kallona?" Na so in tuna masa cewa dama ba ya kallonsa, amma na ga ba ranar wasa ba ce.

Nan basirar malamin makaranta ta motsa. Ɗan abin da ya yi saura zai kai mu Kaduna a mota, daga nan mu hau sabon jirgin ƙasan nan mai gudu zuwa Abuja, mu tsallake mugun dajin ba tare da mun taka kwaltarsa ba. In mun sauka, mu ɗauki tasi zuwa filin jirgin sama, mu laɓe. Da jirgin Kano na yamma ya sauka, sai mu shige cikin fasinjojinsa mu fito muna miƙa.

"Komowa fa?" in ji Baba.

"Komowa Allah na nan."

Inna tana jin mu daga bakin murhu. Ta ce ita ba ruwanta, ba ta ji ba ba ta gani ba, amma in asiri ya tonu kada wanda ya ambaci sunanta. Sannan ta jera ƙwan zabi a cikin kwanon gero, ta ɗaure yaji da daddawa da kuka, ta cusa mana a jakar bakko.

Matsalar ita ce daga ni har Baba ba wanda ya taɓa leƙa cikin jirgin sama. Sai muka je wurin Alhaji maƙwabcinmu, wanda ya sauke farali tun ina goye, muka ce hira muka zo. Ya ba mu karatu: ana ɗaure mutum da ɗamara a kujera, kunne yana toshewa, ana kawo shinkafa da kaza a ɗan faranti, gidaje kuma suna komawa kamar kwalin ashana. Da zai shiga alwala, na tsinke tsohuwar takardar da ke ɗaure a hannun jakarsa ta Makka, na zo na ɗaura wa bakkonmu. Rubutun Larabci ne a jiki, har da sunan Jidda, amma na ce wa zai tsaya karatu.

Muna idar da sallar Asuba muka fita. Ɗambatta, Kano, sannan doguwar hanyar Kaduna, an matse mu mu huɗu a kujerar mutum uku, Baba rungume da kwanon ƙwai. Muka yi Azahar a tashar Rigasa, aka duba tikitinmu a wayata, aka nuna mana tarago.

Baba ya san jirgin ƙasa, amma na da. Yana saurayi ya taɓa bin na Ikko, wanda ake shiga da tabarma da guzurin kwana uku, awaki a ƙarƙashin benci, in ya tsaya a wata tasha har mutum ya yi aski ya dawo bai tashi ba. Da ya shiga wannan ya ji sanyi ya buge shi, ya ga kujeru masu laushi kowace da lambarta, sai ya tsaya a ƙofa ya fara cire takalmi. Da ƙyar na hana shi.

Ya zauna a bakin taga ya ƙirga kujerun da ba kowa. "Da saura," in ji shi. "Ba zai tashi ba sai ya cika. Bari in sauka in nemo goro." Bai rufe baki ba ginin tashar ya fara ja da baya. Ba kwandasta mai buga ƙofa, ba a jira kowa ba. Baba ya riƙe hannun kujera, ya karanta addu'ar tafiya sau biyu, ta biyun da ƙarfi.

Da muka fita gari jirgi ya miƙe, na ce to, a yi bita.

"Baba, in ya ce ya hanya, me za ka ce?"

"In ce alhamdu lillahi."

"In ya ce ya kuka ji jirgin?"

"In ce kunnena ya toshe... Kai, dubi masarar can! Wane ne ya yi mata wannan shuka, kamar an watsa wa kaji?"

"Baba, kunne."

"Kunne ya toshe. An ba mu shinkafa. Tsaya, wancan doya ce ko rogo? Ka ga ya wuce. Wannan wane irin gudu ne, mutum ba zai ga gona ya ƙare mata kallo ba?"

Haka muka yi ta yi. Duk manomin da ya hango sai ya ɗaga masa hannu ya ce sannu da aiki, kafin mutumin ya ɗago mun ba shi rata mai nisa. Abin ya dame shi ƙwarai, wai za a ce mutanen cikin jirgi ba su da tarbiyya. Na sayo masa shayi a wurin masu sayarwa a ciki, ya ɗora kofin a ɗan teburin gabansa ya zuba masa ido yana jiran ya zube. Bai zube ba. Ya leƙa kwanon ƙwai, ko ɗaya bai motsa daga gurbinsa ba. Ya gyaɗa kai, irin gyaɗawar da yake yi wa saurayin da ya iya huɗa.

Wata Hajiya ce a kujerar da ke tsallaken tamu, 'yar kasuwa da gani, zobba a kowane yatsa. Tun ɗazu take danne dariya da bakin mayafi. Da Baba ya sake maimaita shinkafa da kaza sai ta kasa.

"Baba, ku yi haƙuri na sa muku baki. Wace shinkafa? Daga Kano zuwa Abuja? Kafin a buɗe tukunya ai an sauka. Ɗan biskit ne da ruwa, shi ma in an ga dama."

Baba ya dube ni. Na dubi taga.

Ba mu san lokacin da muka kwashe labarin duka muka ba ta ba. Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta gyara zama ta karɓi aikin daga hannuna. Ta ce ita ma da jirgin sama take bi, tsada ce ta koro ta nan, kuma ta fi samun sakewa. Ta koya wa Baba yadda ake ɗaura ɗamarar, da yadda ciki ke yin ƙasa in jirgi ya ɗaga, da cewa da damina gajimare ne kawai a taga, fari fat kamar an baza auduga. Ni kuma ta ce in kashe wayata, don wanda ke sama ba a samun sa.

"Gajimare kawai?" in ji Baba. "Ba a ganin gona?"

"Ko ɗaya, Baba."

"Ashe ban yi asara ba."

Rana ba ta yi sanyi ba muka iso tashar Idu. Baba ya ƙi yarda Abuja ce, sai da ya tambayi mutum biyu. Hajiya ta yi mana sallama tana cewa Allah ya rufa asiri, muka ce amin da gaske.

Mai tasi ya ajiye mu a filin jirgi da sauran lokaci mai yawa. Na samo mana wani lungu a bayan wurin ajiye motoci, na zaunar da Baba a kan bakko. Komai na tafiya yadda na tsara, har na fara jin kaina. Sai aka kira La'asar a wani ɗan masallaci da direbobi ke sallah, taku kaɗan daga inda muke.

"Baba, mu yi tamu a nan, mu biyu."

"Ina jin kiran sallah da kunnena?"

"Ai kunnenka ya toshe."

Bai yi dariya ba. "Malam, ƙarya ɗaya muka zo yi. Ba zan ƙara mata da barin jam'i ba."

Ya ɗauki butarsa ya yi gaba, na bi shi da kaya. Abin da ban lissafa ba shi ne gemun Baba. Fari ne tas, ga rawani ya naɗa saboda suna, ga babbar riga. Irin waɗannan masallatai na matafiya ba su da tsayayyen liman, wanda ya fi kama da malami shi ake turawa gaba. Ana tayar da iƙama direbobi suka dare, kowa na cewa, "Bismilla, Baba." Ya ce shi matafiyi ne, ƙasaru zai yi, raka'a biyu. Suka ce ba komai, sa cika tasu. Na ja masa riga ta baya, ya fizge. A garinmu shekara da shekaru yana sahun farko ba a taɓa ce masa ya ja sallah ba, yau ga shi a Abuja. Ina zai bari?

Ya kabbara. Ina sahun farko, daf da bayansa. Muna cikin raka'ar farko wani ya shigo da sauri ya cike gurbin da ke damana, kafaɗarsa ta taɓa tawa. Da muka yi ruku'u idona ya sauka a kan hannunsa. Na san agogon. Ni na raka mijin ƙanwata ya saye shi a Kano ana saura kwana uku ɗaurin aurensa.

Allah ya yafe mini, ban san abin da na karanta a sauran sallar nan ba. Mutumin da za mu yaudara, saboda tsabar ladabi, ya zo tarar surukinsa tun jirgin bai bar Kano ba.

Baba ya yi tahiya ya sallame. Sannan, kamar yadda kowane limami matafiyi yake yi, ya juyo ya fuskanci jama'a, ya ɗaga murya yadda na sahun baya zai ji:

"Ku cika sallarku, bayin Allah, ni matafiyi ne."

A kan kalmar ƙarshe idonsa ya faɗa cikin na surukinsa. Shekara biyu suna kauce wa wannan, sai ga shi ta faru a gaban direbobin Abuja.

Mijin ƙanwata ya miƙe tare da sauran don cika raka'a biyunsa. Na matsa kusa da Baba na raɗa masa, "Tashi mu gudu kafin ya sallame."

"Mu gudu ina? Ya gan ni."

Ya zauna ya ciro carbi, amma ba ya ja, riƙe shi kawai ya yi. A nan wasan ya fita daga raina. Tsoho ne da bai taɓa cin ƙwayar hatsin wani ba, yau na jawo shi ya zauna yana jiran hukunci kamar ɓarawon akuya. Na ji kunya, na ji tausayinsa, na kuma ji haushin kaina.

Kowa ya sallame ya fita, shi surukin yana nan. Ban taɓa ganin raka'a biyu masu tsawon waɗannan ba. Da ya idar ya shafa addu'a, sai ya tashi, kansa a ƙasa, ya ja da baya har ƙofa, ya ɗauki takalmansa a hannu ya tafi. Ko kallon inda muke bai yi ba.

"Bai gaishe ni ba," in ji Baba, a hankali. "Ka gani ko? Bai gaishe ni ba."

Mun jima a nan zaune, can sai wayata ta yi ƙara, wayar da Hajiya ta ce in kashe na manta. Shi ne.

"Yaya, ga ni na iso filin jirgi. Ina bakin ƙofar da fasinjoji ke fitowa. An ce jirginku ya kusa sauka. In kun fito za ku gan ni ta hannun dama."

Muryarsa ko rawa ba ta yi ba. Yana magana da mutumin da ya kamata a ce yana cikin gajimare, kuma daga inda nake ina hango ƙeyarsa.

"To," na ce. "Muna hanya."

Na gaya wa Baba. Ya sa gefen rawani ya goge fuska.

Haka muka cika wasan, tunda an shimfiɗa mana. Jirgin Kano ya sauka, mutane suka fito da akwatuna masu taya, muka kutsa cikinsu ta gefe da bakkonmu da kwanon ƙwai. Mijin ƙanwata yana hango mu ya cire takalmi a kan tayil, ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, sannunku da hanya. Kun sha tafiya."

"Allah ya yi albarka."

Ya karɓi jakar daga hannuna. Na ga idonsa ya sauka a kan takardar Jidda. Ya rufe ta da tafin hannunsa, haka ya riƙe har mota.

Muka kama hanyar gari, Baba a baya, ni a gaba. Surukin bai tambayi kunne ba, bai tambayi gajimare ba. Duk karatun Hajiya ya tashi a banza. Mun yi nisa sosai kafin Baba ya yi gyaran murya.

"Ka cika sallarka kuwa?"

Motar ta ɗan yi tangaɗi. "Na cika, Baba."

"To ni ban hau jirginka ba. Taki na saya da shi. Dawata ce za ta mutu, na rasa yadda zan yi, kuma na rasa bakin gaya maka. A jirgin ƙasa muka zo. Yaron nan bai da laifi, ni na sa shi."

Wannan na ƙarshen ƙarya ce, amma na bar masa ita.

Mijin ƙanwata ya rage gudu, ya gangara gefen titi ya tsaya. Hannunsa biyu na kan sitiyari. Na jira in ji ya ce ba komai, irin ba komai ɗin da ke nufin akwai komai. Sai na ji ya ce:

"Baba, dawar ta karɓi takin kuwa?"

"Ta karɓa?" Muryar Baba ta dawo irin ta gona. "Yaro, ta yi baƙi ƙirin! Da muka taho ta kawo mini nan."

Ya ɗora hannu a ƙirjinsa. Ba yadda za a yi a san inda ya nuna sai an duba. Surukin ya juyo gaba ɗaya a kujerarsa ya duba hannun, sannan ya ɗaga ido ya dubi mai hannun. Wannan karon ba wanda ya sunkuyar da kai.